Kakan Da Aka Ninke A Bayan Firam

Jama'a, ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku, har da na mai tambaya ko an ɗaura ne ban gayyace ta ba. Ba a ɗaura ba, 'yar'uwa. Hoto ɗaya ne ya hana ni sukuni sati guda cur, hoton da yake rataye a falonmu tun kafin a haife ni, wanda ni ce ma nake goge gilashinsa duk Asabar.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: Auta ake ce mini a gida, a ɗakin karatu nake aiki, cikin tsofaffin jaridu da littattafan da babu mai aro. Wanda yake nemana kuwa gyaran tsofaffin hotuna ne sana'arsa, shi ya sa nake kiransa Mai Hoto ko a gaban idonsa. Shekara ɗaya da rabi muna tare. Abin da ya rage kawai mahaifiyarsa, Hajiya, ta zo ta ga gidanmu ta ce ta yarda.

Tun bara na ɗauko wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni, wato tattara tarihin danginmu. Na buɗe mana guruf a waya, duk Lahadi in saka labarin kaka ɗaya. Ɓangaren Umma kam ba a magana, sai da na kai kaka na shida, har da wanda aka ce ya faɗa rijiya yana gardama kuma bai daina ba har aka zaro shi. Ɓangaren Baba kuwa taku ɗaya nake yi in ci karo da bango. Mahaifinsa ya rasu Baba yana shekara uku, ƙanwarsa Goggo tana ciki. Bayan shekara huɗu mahaifiyarsu ta bi shi. Wata 'yar'uwarta ta nesa, wadda ko sau ɗaya ba ta taɓa ganin mijin ba, ita ta ɗauko marayun ta kawo su garin nan, da akwatin ƙarfe ɗaya da hoto a ciki. Ita ta kai aka sa shi a firam, kuma iya abin da ta sani ta faɗa musu: ubanku a asibiti yake aiki, ga hotonsa.

Mutumin hoton dogo ne, fari, mai dogon hanci, sanye da farar rigar likita da abin awon ƙirji a wuya. Goggo ta riƙe wannan riga hannu biyu. Ko kifi za ta saya, sai mai kifin ya ji cewa ita 'yar likita ce. Ita ba ta da matsala, kowa ya ce mahaifiyarsu ta ɗebo. Baba kuwa gajere ne, baƙi, ga wushirya, ga kunnuwa a buɗe kamar marikin kofi. Ni ma na kwaso kunnuwan, shi ya sa kullum ɗankwalina a sauke yake. Kujerar Baba a falo baya take ba wa hoton, kuma har na girma na ɗauka saboda fanka ce.

Ranar Litinin ina jera jaridu sai wayata ta yi ƙara.

"Auta, akwai maganar da ba na so ki ji a bakin wani."

Na rubuta, "Faɗi kawai."

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina kallon ɗigo ukun nan suna zuwa suna ɓacewa. Can saƙon ya shigo.

"Hajiya ta sa an tambayi gidanku. An yabi Baba, an yabi Umma. Amma wata ta ce mata an daɗe ana raɗe-raɗin Baba ba ɗan mutumin da ke hoton ba ne. Wai mahaifiyarsa ce kaɗai ta san inda ta samo shi."

Na zauna a kan tarin jaridun. Wallahi ban taɓa jin wannan magana ba, amma tana shiga kunnena na gane ta daɗe a gidanmu, ni ce kawai ba a gaya wa ba.

"Asabar ɗin nan za ta zo da kanta," ya ƙara. "Ta ce in hankalinta bai kwanta ba, ba za ta sa baki ba. Ni kuma kin san ba zan tsallake ta ba."

Na sani. Yana cikin dalilan da suka sa nake sonsa, kuma ranar shi ya sa na ji kamar in wurga wayar a kwandon shara.

Umma na faɗa wa, Umma kuma ta kira Goggo, don a gidanmu babu abin da yake zama magana sai Goggo ta hau kansa. Ta iso da yamma cikin leshi ruwan goro, awarwaro har gwiwar hannu, turarenta ya riga ta shiga falo.

"Hassada ce," ta ce tana fifita da gefen mayafi. "Tun muna yara suke wannan haushin. Ke Auta, ba saurayin naki mai hoto ba ne? Sauke shi ki kai masa. Ya wanke shi tas, ya ƙara girmansa, ya sa masa firam mai ruwan zinari. Matar nan tana shigowa ta san gidan wa ta shigo." Ta rage murya. "In da hali ma ya ɗan rage hasken fatar, ya ɗan taɓa kunnen."

"Goggon yara, ki ji tsoron Allah," in ji Umma.

"To me na ce? Gyara na ce!"

Washegari na naɗe hoton a tawul na nufi shagon Mai Hoto. Ɗan ɗaki ne mai teburi dogo da fitila mai lanƙwasa, ko'ina fuskokin mutanen da suka riga mu gidan gaskiya suna jiran a ɗinke musu tsagewa. Ya sa farin safar hannu, ya kife firam ɗin.

"Ba ta gilashin za ka ɗauka ba?" na tambaya.

"Ni ba na gyara hoto a cikin gidansa," ya ce. "Sai na fito da shi na ga gaba da baya."

Ya zare ƙananan ƙusoshin da suka yi tsatsa ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga kwalin. Sai ya tsaya. Na san wannan tsayawar tasa, ita yake yi idan zai faɗi abin da ba zan so ba.

"Auta, hoton nan ya fi firam ɗinsa girma. A ninke yake, hagu da dama."

Bai yarda na taɓa ba. Ya ɗan hura masa tururi, ya sa wata siririyar wuƙar roba yana buɗe ninkin a hankali, ni kuma ina tsaye na zuba ido. Ɓangaren hagu ya fara buɗewa: wata budurwar nas da 'yar hula a ka. Sannan na dama. Wani gajeren mutum ne cikin riga mai gajeren hannu, hannunsa ɗaya a kan ƙarfen gadon marasa lafiya mai taya, yana dariya har wushiryarsa a waje, kunnuwa a buɗe.

Jama'a, Baba na gani. Baba yana ɗan shekara talatin, yana dariyar da yake yi idan ya ci Umma a gardama. Na lalubi kujera na zauna.

Mai Hoto ya juya bayan takardar. Da shuɗin biro an rubuta sunaye uku daga hagu zuwa dama, kowanne da aikinsa, da sunan asibitin. Na tsakiya, likitan, sunan da ban taɓa ji ba ne. Na ƙarshe sunan kakana ne, wanda yayana ya ci, a gabansa an rubuta: mai tura gado.

"Haka masu firam na da suke yi," ya ce a hankali. "In an kawo hoton mutane da yawa ga ƙaramin firam, ba a ce ga wanda ake so ba, sai su bar na tsakiya su ninke sauran. Allah ya jiƙan wanda ya yi wannan, da ya ninke bai yanke ba."

Na ce amin da dukkan zuciyata, ina kuka ina dariya. Sai kuma hankalina ya dawo kan Asabar.

"Hajiya an ce mata ni jikar likita ce."

"An ce mata."

"Za ta karɓi jikar mai tura gado?"

Ya cire safar, ya dube ni. "Ban sani ba, Auta. Ba zan yi miki ƙarya ba, Hajiya tana son a ce wane da wane. Ni dai aiki aka kawo mini. In kin ce in mayar da shi a ninke, zan mayar, bakina kuma a rufe. In kin ce in buɗe, zan buɗe."

Na ce ya ba ni kwana biyu.

Ranar Alhamis na ɗauki hutu na hau mota zuwa garin da asibitin yake, tafiyar awa biyu. A ofishin tsofaffin ma'aikata na nuna sunayen uku. Magatakardan ya duba, ya ce likitan ya daɗe da rasuwa, amma nas ɗin tana nan da ranta, gidanta bayan makarantar firamare. Har taswira ya zana mini a bayan ambulan, Allah ya saka masa.

Na same ta a baranda a kan kujerar roba, da bargo a gwiwa duk da rana. Ta haura tamanin. Na durƙusa na gaishe ta, na miƙa mata hoton a waya. Ba ta ko dubi kanta ba.

"Sannu-sannu!" ta ce da ƙarfi. "Kai, Sannu-sannu! Ke wace ce tasa?"

"Jikarsa ce, Iya."

Ta kama fuskata da hannu biyu ta jujjuya. "Ai ba sai kin faɗa ba."

Na kunna rikoda, ta yi ta zuba. Ta ce sunan ya samo asali ne daga yadda yake tura gado. Sauran gudu suke yi su gama, shi kuwa in ya zo inda siminti ya fashe sai ya ɗaga tayar gaba da hannunsa don kar mai ciwo ya ji girgiza, yana ta "sannu, sannu" har a kai. Man gashinsa yake ɗiga wa tayoyin, wai ƙararsu tana tsorata wanda za a shiga da shi tiyata. Kafin ya ɗauko mutum sai ya ɗora bargo a kan tukunyar ruwan zafi ya yi ɗumi. Ta ce akwai matan da suke ƙin hawa gado sai an kira shi.

"To hoton fa, Iya?"

"Likitan ne zai bar asibitin. Ya ce ba zai ɗauki hoto da manya ba, a kira masa mutum biyun da ba ya iya aiki sai da su." Ta yi dariya har da tari. "Kakanki ya ƙi sakin gadon. Wai in ba a gan shi da gado ba, matarsa ba za ta gane shi ba."

Na tambaye ta labarin kakata, mahaifiyar Baba. Ta ce mace ce mai kunya, kullum da azahar tana kawo masa abinci da yaro a baya. "Yaron kuwa kamar ya yi kaki ya tofar. Har tsokanarsa muke yi, mu ce ga ƙaramin Sannu-sannu ya zo karɓar aiki."

A motar dawowa na saurari muryarta sau uku. Ban taɓa jin godiya irin ta ranar ba: ga tsohuwar da Allah ya ja kwananta har na iso, ga wanda ya rubuta sunaye a bayan takarda, ga mutumin da ban taɓa gani ba amma ya bar mini abin da zan faɗa da bakina ba tare da na sunkuyar da kai ba. Kafin mu shiga gari na tura wa Mai Hoto saƙo: "Buɗe shi."

Goggo na fara nuna wa, ranar Juma'a a ɗakin Umma. Ta daɗe tana kallon wayar, sannan ta ture ta.

"Ƙarya ne."

"Goggo, ga sunansa a baya. Ga muryar matar da ta yi aiki da shi."

"Shekara hamsin da biyar ina yi wa fuskar nan addu'a, yau ki zo ki ce mini uban wasu ne?" Muryarta ta fashe. "Ke yarinya ce. Ki bari Asabar ta wuce. Matar nan ta ji mai tura gado, wallahi ko lemon ba za ta shanye ba. Aurenki za ki kashe da hannunki saboda tsohuwar takarda?"

"To maganar da ake yi wa mahaifiyarku fa?"

Ta kau da kai. Umma ta ce in yi a hankali da Baba, hawan jininsa ba ya son girgiza. Ni kuma tsoro ya cika ni, ba zan ɓoye muku ba. Ina son Mai Hoto, son da ban iya kwatanta shi. Na kuma san Goggo ba ƙarya ta yi ba game da Hajiya.

Asabar da safe Mai Hoto ya aiko da hoton a sabon firam mai faɗi, baƙin katako ba ruwan zinari ba. Baba yana tsakar gida yana shan shayi da rediyonsa. Na durƙusa a gabansa, na jingina hoton a gwiwarsa, na ce, "Baba, a ninke yake. Duba na dama."

Ya sa tabarau. Ya duba. Ya ajiye kofin a ƙasa ba tare da ya kalli inda yake ajiyewa ba, shayin ya zube a kan takalminsa. Ya kai yatsa ya taɓa wushiryar mutumin, sannan ya taɓa tasa.

Na kunna masa muryar Iya. Da aka zo wurin yaron da ake goyowa da azahar, Baba ya cire tabarau ya rufe fuskarsa da hularsa. Tunda nake ban taɓa ganin kafaɗunsa suna rawa haka ba.

"Ina shekara tara," ya ce daga cikin hular, "wani yaro ya faɗa mini maganar nan a makaranta. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Har na yi aure ina jin haushin mahaifiyata a ɓoye, Auta. Baiwar Allah ba ta yi komai ba."

"Baba, Goggo ta ce a bari baƙi su tafi tukuna."

Ya goge ido, ya mayar da hular kansa. "Ɗauko guduma."

Ƙarfe huɗu Hajiya ta iso, Mai Hoto yana bayanta kamar ɗan makarantar da aka kai ƙara. Doguwa ce, cikin farin leshi da mayafi ruwan toka, jaka ƙarama a hannu, ba ta da yawan murmushi. Ni na sa doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni a hannu, na canza ɗankwali sau uku kafin in fito da tire.

Aka gaisa, aka tambayi hanya da gajiya. Goggo ta zauna ta inda jikinta zai kare bango, ta gyara murya.

"Ai mu Hajiya, gidanmu gidan asibiti ne tun asali. Mahaifinmu..."

"Bari," in ji Baba. Bai ɗaga murya ba, amma Goggo ta rufe baki.

Ya miƙe ya je ƙarƙashin hoton ya tsaya. "Hajiya, na san abin da aka gaya miki, kuma ban ga laifinki ba da kika bincika. An ce miki ni ba ɗan mai farar rigar nan ba ne. Gaskiya aka faɗa miki. Ni ma sai yau da safe na tabbatar." Ya ɗora yatsa a gefen dama. "Ga ubana."

Hajiya ta buɗe jaka ta ciro tabarau. Ta tashi ta je har gaban bangon. Ta dubi hoton, ta dubi Baba, ta sake duban hoton. Wayata ta yi motsi a cinyata, Mai Hoto ne daga kujerar da ke fuskantata: "Ki yi numfashi."

"Me yake yi a asibitin?" Hajiya ta tambaya.

"Gadon marasa lafiya yake turawa."

Ta koma ta zauna, ta ninke tabarau a hankali. Na riga na fara yi wa aurena ta'aziyya a zuci.

"Ba zan ɓoye muku ba," ta ce, "likita aka ce mini, har na faɗa wa ƙawayena, yanzu sai na koma na warware. Amma ba shi ya kawo ni ba. Magana na ɗauka a kan matar da take kabari, na yi kwanaki ina juya ta a raina. Allah ya yafe mini." Ta juyo gare ni. "Ke kika tono wannan?"

"Ni da shi ne, Hajiya."

"Kin san zai iya ɓata miki, kika rataya?"

Na sunkuyar da kai. "Na sani."

Ta ɗauki kofin lemon ta sha, sannan ta dubi Baba. "Sai ku faɗa mana ranar da ta yi muku, a turo iyayensa maza."

Umma ta saki hamdala a fili. Ni kuwa hawaye ya hana ni ganin fuskar kowa. Ta cikinsa na hango Goggo ta miƙe, awarwaronta ko ƙara ba sa yi. Ta je gaban hoton, wannan karon ta tsaya a gefen dama, ta daɗe.

"Auta," ta ce ba ta juyo ba. "Tsohuwar nan. Ta ce miki ya san ana da cikina kafin ya rasu?"

Awa biyu na yi da Iya, na tambaye ta bargo, na tambaye ta taya, wannan kuwa ko a raina bai zo ba.

"Ban tambaya ba, Goggo."

Ta share fuska da gefen mayafinta, a gaban baƙi, ita da ba ta yarda ko kwallinta ya zame.

"Kin ce ta haura tamanin?"

"Ta haura."

"To gobe motar farko za ki kai ni."